Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Hausa: Ku Bar Shaihu Umar Ya Kwana A Gidajen Ɗalibai

Assalamu alaikum.

'Yan'uwana malaman Hausa na sakandare, maza da mata, ina gaishe ku da aiki. Sannunku da ƙurar alli, sannunku da ajin da ɗalibi tamanin ke matse a benci ashirin, sannunku da jiran ƙarshen wata. Shekara 35 na yi ina shan irin wannan kafin in ajiye alli, don haka ba 'yar kallo ce ke muku magana ba. Roƙo ɗaya tak na zo da shi, amma sai na bi da ku ta tsakar gidanmu tukuna. Ku yi haƙuri, tsohuwa ba ta iya gajeren zance ba.

Mahaifina tela ne a wani gari na ƙasar Zazzau. Bai shiga elemantare ba. Da girmansa, har yana da iyali, ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, irin wanda ake yi da la'asar a gindin bishiya a shekarun 1950. Da ya iya haɗa baƙi sai ya sayi littattafai uku ya zuba a aljihun teburin kekensa, tare da allurai da ƙwaryar zare. Biyu sun bi ruwa tun ban yi wayo ba. Na ukun shi ne Shaihu Umar. Ko da ya zo hannuna ya daɗe da rabuwa da bangonsa na asali. Baba ya yanko takardar buhun siminti ya yi masa riga, ya bi gefen da keke ya ɗinke da baƙin zare, ɗinki mai kyau irin wanda yake yi wa wuyan kaftani. Har yau in na ji warin man keke, littafin nan nake tunawa.

A 1974 ina aji shida na firamare. Baba yana son ya tabbatar cewa zuwa makarantar da nake yi ba yawon banza ba ne, sai ya ce kullum bayan isha'i in riƙa karanta wa mutan gida shafi kaɗan. Sanyi ake yi. Ana shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin kakata, a ajiye mini fitilar ƙwai kusa da gwiwa, mata na ɓarar gyaɗa. Kakata ta wajen uba ce, Iya muke ce mata, ita kuwa ba ta da sunan da take kirana da shi sai kishiya. Ba ta ɗauki boko a bakin komai ba. Daren farko ma cewa ta yi, "Kishiya za ta yi mana wa'azin Nasara, kowa ya riƙe alwalarsa."

Kun san labarin, kun karantar da shi ya fi a ƙirga. Shaihu Umar, babban malami a Rauta ta ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya shiga ba su labari tun daga Kagara: yadda ubansa ya rasu yana ciki, yadda uwarsa 'yar Fatika ta auri Makau, yadda fadawa suka yi wa Makau sharri bayan an dawo daga hari har aka kore shi ya koma Maƙarfi. Duk wannan Iya na ji tana ɓararta, wani lokaci ta jefa tsokaci, wani lokaci ta yi hamma. Sai muka kai inda uwar ta bar yaron a hannun ƙawarta ta tafi ganin iyayenta, aka sace shi a bayanta. Ban ɗaga kai ba, amma na ji ƙarar ɓawon gyaɗa ta ɗauke daga ɓangarenta.

Ta ce, "Ke, koma baya."

Na koma na sake karantawa. Ta ce, "Rufe haka nan, dare ya yi."

Washegari tun ba a kwashe kwanukan tuwo ba ta ce, "Ina littafin matar nan?" Daga ranar har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce masa Shaihu Umar ba. A wurinta littafin matar nan ne, matar da ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta ƙetare hamada a cikin bayi. Karatun da Umar ya yi a Misira a gidan Abdulkarim, Balaraben da ya riƙe shi, da malantar da ya samu, duk hanya ce kawai da Iya ke bi da gajen haƙuri don a komo kan matar. Da muka kai Tarabulus, uwa da ɗa suka gane juna bayan shekaru, ba a jima ba uwar ta cika, sai tsakar gida ta yi tsit. Wata matar kawuna tana share ido da bakin zane. Iya ba ta yi kuka ba. Ta dai ce, "Ita ta ga nata."

A daren nan, bayan kowa ya shige, ta riƙe ni a ɗakinta wai in taya ta neman carbi. Babu carbin da ya ɓata. Ta ba ni labarin uwarta. Yarinya ce da ba ta kai aure ba, ta tafi rafi da ƙanenta goye a bayanta, mahaya suka fito daga cikin ciyawa. A wata kasuwa aka kwance yaron daga bayanta, ba ta sake ganinsa ba. Aka kawo ta wani rinji, wato ƙauyen bayi masu noma, aka raɗa mata suna irin wanda ake raɗa wa bayi, ta koyi Hausa, ta yi salla, ta haihu, ta tsufa. Ba ta san sunan garinsu ba. Abin da ta riƙe uku ne: wani dutse mai tsaga a bayan gidansu, zanen da ke cikinta wanda ba irin na kowa ba ne a rinjin, da kalma guda ɗaya da uwarta ke kiranta da ita in abinci ya nuna. Iya ta faɗa mini kalmar sau uku. Na ɗauki fensir na rubuta ta a cikin bangon baya na littafin, yadda kunnena ya ji.

Shekarata goma sha biyu a gidan, ina kwana ɗaki ɗaya da matar nan rabin kwanakin, ban taɓa jin ko alamar wannan zance ba. Ƙannen babana ma akwai waɗanda ba su sani ba. Ɗan siririn littafi mai rigar siminti ne ya buɗe bakinta.

Baba ya ji, don gidan ba shi da girman da zance zai ɓuya. Da safe ya kira ni shago, bai ɗaga kai daga ɗinkin da yake yi ba, ya ce, "Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Abin da Iya ta gaya miki naki ne, ba na 'yan ajinku ba." A lokacin na ji haushi. Yanzu na gane: mutum ne mai 'ya'ya mata biyar, a garin da in an zo neman aure sai an aika tsofaffi su binciko asali. Amma ku lura, bai karɓe littafin ba. Ya miƙo mini shi ya ce in kai wa amaryar maƙwabta, ta aiko tana so.

Da na girma na shiga kwalejin horon malamai, sai lissafin shekarun ya fara ba ni tsoro. Iya ta ce an haife ta shekarar da Nasara suka ci Kano, wato 1903. A takarda 'ya ce tun ranar haihuwa, domin dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ba bawa ba ne. Amma dokar ba ta kwance iyayen ba. Ta hana hari, ta hana saye da sayarwa, ta bar wanda ke hannu ya nemi fansar kansa da guminsa. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. To Shaihu Umar a 1934 ya fito. Ashe lokacin da aka buga shi akwai mutane a rinjoji da gidajen sarauta waɗanda har ranar ba su mallaki kansu ba, kuma matan da aka raba da 'ya'yansu suna nan da ransu suna daka a tsakar gidaje. Mu muna karantar da shi kamar tatsuniyar zamanin da. Masu karatunsa na farko kuwa labarin maƙwabtansu suke karantawa, wasu na uwayensu.

Kuma wanda ya rubuta shi namu ne. Yaranmu sun san Abubakar Tafawa Ɓalewa a jikin naira biyar, in ma suna ganinta yanzu, sun san Firayim Minista ne da aka kashe a Janairun 1966, wasu an kai su kabarinsa a Bauchi. Kaɗan ne suka san cewa sa'ad da ya rubuta littafin nan saurayi ne ɗan shekara 20 ko 21, bai daɗe da gama Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Malamin aji ne mai alli a hannun riga kamar ni da ku. Dokta Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya shirya gasa a 1933, ya nemi masu ilimin boko su rubuta labarai da Hausa. Daga gasar ne Ruwan Bagaja da Ganɗoki suka fito, ɗaya da ban dariya, ɗaya da yaƙi. Wannan saurayin malami shi ya zaɓi ya zauna a kan yaron da aka sace da uwar da ta ƙi haƙura.

Ba ina cewa littafin ba shi da abin faɗa ba. Yana da shi, kuma mafi kaifin sukar da na taɓa ji a kansa daga bakin matar da ba ta san bihim ba ta fito. Muna cikin sashen Misira, inda Abdulkarim ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu, sai Iya ta ce, "Balaraben nan ya riƙe amanar yaro ɗaya, Allah Ya saka masa. To sauran da yake sayowa fa, su daga ƙasa suka tsiro?" Wata rana kuma ta ce, "Namiji ne ya rubuta wannan. Da mace ce da ba ta yi saurin barin matar nan ba." Gaskiyarta. Littafin yana wuce wasu wurare da hanzari inda ya kamata ya tsaya, kuma yana miƙa komai ga ƙaddara cikin natsuwar da wani lokaci take ba ni haushi. Amma shekara 35 ina tsaye gaban allo, ban taɓa jin ɗalibi ya yi tambaya irin ta Iya ba. Laifin ba nasu ba ne. Ni ce ban bar musu ƙofa ba. Na rubuta musu jigo, na rubuta warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, babban tauraro da ƙananan taurari, suka kwafa, suka haddace, suka zuba mini a takardar jarrabawa, na ba su maki. Da yawansu sun ci da kyau ba tare da sun taɓa riƙe littafin a hannu ba. Ku ma kun san haka ake yi, kada mu ɓoye wa juna.

Bari in koma kan na Baba. Daga gidan amarya ya wuce gidan yayarta. Wani ƙanin Baba direban babbar mota ya tafi da shi Gusau ya yi wata uku. Ɗan'uwan mahaifiyata soja ya ɗauke shi zuwa bariki. Dokar Baba ɗaya ce: duk wanda ya ara ya rubuta sunansa a cikin bangon gaba, wanda kuma aka karanta masa, mai karatun ya rubuta masa nasa. Saboda haka jerin ya cika da sunayen tsofaffin da ba su taɓa riƙe alƙalamin boko ba. Da wuri ya ƙare aka liƙa wata takarda. Akwai tabon manja a wajen da aka kori Makau, akwai inda wani yaro ya zana doki. Wata shekara ya dawo babu ganye biyu na ƙarshe, Baba ya yi faɗa har ya rantse ba zai sake bayarwa ba. Bai cika wata ba ya bayar. Da ya sake dawowa sai ga shafukan da suka ɓata an kwafo su da hannu, da shuɗin biro, a takardar littafin rubutu, an ɗinke da zare fari. Wani ne ya kai ƙarshe ya tarar babu, ya je ya nemo wani kwafin a wani wuri, ya zauna ya rubuta don na bayansa. Har Baba ya rasu ba mu san ko wane ne ba.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. A kan zane da riga haka ne. Littafi kam ban ga abin da aro ya rage masa ba sai bango.

Yanzu ga ɗaya hoton. A wata makaranta da na koyar, ba zan faɗi sunanta ba, an taɓa kawo mana kwali biyu na littattafan Hausa sababbi fil, har da Shaihu Umar wajen guda talatin. Na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka. Na je wurin shugaban makaranta na ce a ba ni in raba wa 'yan aji huɗu su tafi da su gida. Ya dube ni ya ce, "Malama, in suka ɓace, ranar da masu bincike suka zo ke za ki amsa ko ni?" Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma tsoronsa na da dalili. Aka sa kwalayen a sito aka datse da kwaɗo. Ni kuma na yi shiru, don ina da yara ƙanana kuma ba na son a yi mini canjin wurin aiki zuwa ƙauye. Bayan shekara huɗu aka buɗe siton za a fito da kujeru. Na ɗaga kwalin farko, gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara ta gina gida a ciki, ta cinye tun daga Rauta har Tarabulus. A rajista dai ko guda bai ɓace ba.

To ga roƙon nawa. Ku nemi kwafi biyar, ko uku ma, na wannan littafi, ku riƙa ba ɗalibai aro su tafi da shi gida. Ba na ce ku jira gwamnati ba, mun jira mun gani. Ɗan siriri ne, kuɗinsa bai kai na katin waya na mako ba a wurin yawancinmu, kuma in kun yi magana a taron iyaye da malamai za a sami wanda zai saya. Ku dai duba ku sayi na gaske, don akwai na jabu a kasuwa masu dusasshen rubutu da shafuka a juye. Ku ba yaro ranar Juma'a, ya dawo da shi wata Juma'ar. Sharaɗi ɗaya za ku gindaya masa: ya karanta shi da murya ga wani babba a gidansu, kaka ko gwaggo ko tsohon da ke zaune a zaure, dare huɗu ko biyar ya isa. In ya gama ya rubuta sunansa da na wanda ya saurara a cikin bango.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa. Za a ɓatar. E, za a ɓatar, cikin biyar wataƙila biyu ba za su ga ƙarshen shekara ba. Wani ƙanin ɗalibi zai yage, wata uwa za ta naɗe ƙosai da shafi, wani kuma zai ji daɗinsa ya ƙi dawo da shi, wanda wannan a wurina ba asara ba ce. Ku ajiye ɗan littafin rubutu na arba'in kuna rubuta wanda ya karɓa, shi ke nan, kada ku sa tara. Yaron da ya san in littafi ya yage za a kore shi sai ya kawo kuɗi, ba zai karɓa ba tun farko, kuma irin wannan yaron ne ya fi kowa buƙata.

Za ku ce kuma yaran yanzu ba sa karatu. Wannan kam ban yarda ba. Jikata takan kwana da waya a ƙarƙashin bargo tana bin labari mai babi ɗari, har sai uwarta ta ƙwace. Suna karatu fiye da yadda muka yi. Abin da ba sa yi shi ne karatu da murya, a gaban wani. Kowa ya sunkuyar da kai a kan tasa wayar, tsohuwa na gefe tana kallon bango. In yaro ya ce shi a waya zai karanta wa kakarsa, ban hana ba, muddin za ta ji. Amma na fi son takarda, saboda abin da aka turo ta waya ba ya ɗaukar tabon manja, ba ya ɗaukar sunan kowa, kuma sau da yawa an kwafe shi ne ba da sanin masu haƙƙi ba.

Akwai inda nake so ku taka a hankali, kuma wannan ya fi sauran muhimmanci. Kada ku mai da shi aikin gida mai maki. Kada ku ce kowa ya rubuto abin da kakarsa ta faɗa, balle ku ce ya tashi ya karanta a gaban aji. Na ga wani matashin malami, da kyakkyawar niyya, ya ba da aikin a rubuto asalin gida. Kafin mako ya fita an yi dambe a bayan aji, wata yarinya ta yi kwana goma ba ta zo ba saboda an bi ta ana ce mata baiwa. Gorin nan bai mutu ba, yana nan a bakin manya, yara kuwa a bakin manya suke ɗauka. A benci guda za ku sami jikan wanda aka kama da jikan wanda ya kama, wanda har yau ana yi wa kakansa kirari a gida da yawan garuruwan da ya ci. Za ku sami yaron da kakanninsa Gwarawa ne, mutanen da a cikin littafin ƙasarsu aka kai wa hari. Kowannensu abin da zai ji a gida daban ne, kuma nasa ne. Wani ba zai ji komai ba, tsohuwar za ta yi gyangyaɗi tun a shafi na uku. Ba laifi. Ku aikinku shi ne littafin ya shiga gidan. In yaro ya dawo da shi ya tsaya yana murza gefen tebur kamar yana da magana, ku sallami sauran ku saurare shi. In bai ce komai ba, ku karɓa ku miƙa wa na gaba.

Ku tuna kuma ba a zamanin lafiya muke ba da shi ba. A Fabrairun 2021 ina shara na ji rediyo ya ce an kwashe ɗalibai a makarantar kwana ta Kagara a jihar Neja. Sunan garin kaɗai ya sa na ajiye tsintsiya na zauna. Mu a 1974 sai da aka yi mana bayanin yadda ake sace mutum a sayar. Ɗalibanku ba sa buƙatar bayani. A cikinsu akwai wanda aka sayar da gonar gidansu aka kai kuɗin fansa, akwai wadda babanta bai dawo ba. Kun fi ni sanin yaranku. Wanda kuka san ciwon gidansu ɗanye ne, kada ku tura masa, ku bari sai ya nema da kansa. Wani zai nema. Akwai uwar da jin labarin matar da ta ƙi daina nema zai yi mata abin da ta'aziyyarmu ba ta yi ba, akwai kuma wadda ba za ta iya ji ba, kuma ba mu ne za mu zaɓar musu ba.

Wani abu da ya ƙara mini ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne labarin fim ɗin. A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim, da Hausa. Shekaru suka shuɗe har aka ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara su a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Allah ne Ya tsare, da ya bi hanyar kwalayenmu. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci tun 1967, ana karanta shi a jami'o'in ƙasashen waje. Duk wannan abin alfahari ne, amma ba Berlin ce za ta karanta wa tsohuwar Giwa ko ta Ɓatagarawa ba. Jikanta ne zai yi, kuma jikan yana ajinku ranar Litinin. Tsofaffin da suka ji irin labarin Iya daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu sun kusa ƙarewa. Waɗanda suka rage 'yan tamanin ne da 'yan casa'in, kowane sanyi yana tafiya da wasu.

Kuna iya tambaya ina na Baba yake. Bayan rasuwarsa ni na gaje shi, 'yan'uwana maza suka ɗauki keken. A 1996 na ba wata ɗalibata aro, yarinya mai shiru da ke zama a layin baya, wadda kakarta makauniya ce. Kafin ta dawo da shi aka yi mata aure a tsakiyar zango. Bayan shekara goma sha wani abu muka haɗu a gidan suna, ta durƙusa har ƙasa tana ba ni haƙuri tun ban tambaya ba. Ta ce ta karanta wa kakar sau biyu kafin ta rasu, daga nan ƙanwar mijinta ta tafi da shi Funtuwa, daga Funtuwa an ce wata ta wuce da shi Maraɗi. Na ce Allah Ya sa yana hannu na gari, na yafe.

Na yafe, amma ba zan yi muku ƙarya in ce ban yi asara ba. Kalmar nan da na rubuta da fensir a bangon baya, ban kwafe ta a wani wuri ba, don ina ganin ba zan taɓa mantawa ba. Yanzu in na kwanta ina juya ta a baki, sai ta fito mini iri biyu, wani lokaci uku, ban san wacce ce ta Iya ba. Da ina da ita daidai da na kai wa masana harsuna a jami'a, ko Allah zai sa wani ya ce ga yaren, ga yankin da dutsen nan mai tsaga yake. Ba zan rubuta abin da nake zato ba, kada in ɗora wa matar nan kalmar da ba tata ba.

Saboda haka, tun da ku ne kuke ganin littattafan da ke yawo a jakunkunan yara, ku taya ni dubawa. Rigarsa takardar siminti ce da ɗinkin keke na baƙin zare, in ba a sake masa wata ba. Shafukan ƙarshe da shuɗin biro suke. A cikin bangon gaba akwai jerin sunaye, na uku daga sama an rubuta Iya kawai, da rubutun yarinya. Wanda ya gan shi kada ya karɓe daga hannun mai shi. Ya juya bangon baya, ya duba can ƙasa ta hagu, in fensirin bai goge ba ya kwafo mini harafi da harafi. Ya ba duk wani tsohon malamin Hausa da ya sani a Zariya, saƙon zai iso ni, ba mu da yawan da za mu ɓace wa juna.

Allah Ya yi wa aikinku albarka, Ya shirya mana yaran.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar Hausa, Zariya.